Hannuwan Baba Mai Agogo

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Kurame Masu Sana'a take sanar da 'ya'yanta da sauran jama'a cewa labari ya riske mu na rasuwar Uban Ƙungiya kuma Shugaban Dattawanmu, Alhaji Baba Mai Agogo, bayan jinyar da ya sha. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan, tun zamanin da ba a yarda kurma ya riƙe rumfa a kasuwa ba. A al'adarmu kowane kurma yana da sunansa na hannu, wata alama da 'yan'uwa suke raɗa masa wadda ba ta rubutuwa a takarda, kuma sunayen magabatanmu kaf a yatsun Baba suke. Duk Asabar yakan rufe akwatin gyaran agogonsa, ya zauna kan benci a ofishinmu, ya nuna sunan wanda ya fara samo mana malami, da na baiwar Allahn da ta koya wa matanmu ɗinki, da irin wulaƙancin da kowannensu ya haɗiye. Ba za mu ɓoye ba, a 'yan shekarun nan sau tari daga shi sai bencin, amma bai taɓa fasa zuwa ba.

Kafin ya kwanta jinya, ƙungiya ta ɗauko mai ɗaukar bidiyo domin a adana wannan tarihi. Mutumin mai ji ne, ya saba da masu magana da baki, sai ya saita na'urarsa a kan fuskar Baba. Bayan jana'iza muka kunna. Wayyo Allah! Ga girarsa tana ɗagawa, ga dariyarsa, can kuma idonsa ya cika da ƙwalla, amma hannuwan suna ƙasa, ba a ganinsu. Haka muka zauna muna kallon dattijonmu yana kiran mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, ba mu san wa yake kira ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Hajiya Inna, da 'ya'ya da jikoki. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba su juriyar wannan babban rashi. Ga duk wanda ya taɓa zama gaban Baba kuwa, ko suna ɗaya kake tunawa, don girman Allah ka zo ka nuna mana kafin kai ma ka tafi da shi.

Malam Dogo Tela
Kakakin Ƙungiyar Kurame Masu Sana'a