Wayata da Jirginka

Kyaftin,

Na tafi asibiti. Inna ta faɗi a banɗaki tun ƙarfe goma, ƙugunta ya karye. Sau tara Yaya ya kira ni bai same ni ba, sai da ya aiko maƙwabciyarsu ta zo ta buga mana ƙofa.

Ka san dalili. Da safe ka karɓi wayata, wai fuskarta ta fi taka faɗi, za ka haɗa taswirarta da jirgin saman nan da kake tuƙawa a kwamfuta don ka riƙa ganin inda yake. Ni da hannuna na sa wayar da kwamfutar a wayfai ɗaya, na shigar da lambar kwamfutar, har ɗan jirgin ya fara tafiya a kan taswira, kana ta washe baki. Ashe ina juya baya ka toshe kira, kada wani ya dame ka wajen sauka. Ka sauka lafiya, ka ajiye wayar, ka yi ficewarka ba ka buɗe ba. Uwata tana kwance a siminti, kai kana sama.

Na ɗauke wayata, na goge taswirar. In kana so ka sa a taka, lambar tana bayan takardar nan.

Ƙarfe biyu ka ɗauko yara daga makaranta.

Kuma kada ka bugo ka ba ni haƙuri. Asibitin bayan tasha ne, hawa na biyu. Ba sai da taswira ba.