Kuɗin Lambu Ya Cinye Baranda

Litinin, 3 ga Maris
Na je ofishin tsara gari neman izinin gini. Ɗaki ɗaya ne a ƙasa da 'yar baranda, saboda Baban yara. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, hawa bene ya fi ƙarfinsa. Ma'aikaciyar ta ce yanzu duk sabon gini sai an biya kuɗin lambu, kuma da faɗin rufi ake aunawa, har da baranda. Na ce wane lambu? Wai filin bolar nan na ƙarshen layinmu. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Magini ya ce, "Uwargida, a cire barandar a takarda, in sun sa hannu mu ɗora abinmu." Na ƙi. Ba tsoron Allah kaɗai ba, ina gudun a zo a rushe ta a kan idon Baban yara. Abin hannuna ba zai kai duka biyun ba, don haka baranda ta tafi. Likita ta ce in bai riƙa taka ƙafar ba, sandarewa za ta yi, kuma barandar ce dabarata ta fito da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Asabar, 19 ga Afrilu
Mun sauko ɗakin ƙasa. Ya juya fuska bango.

Talata, 10 ga Yuni
An kwashe bolar, ba laifi. An dasa itatuwa da ba su fi muciya tsayi ba, an shimfiɗa hanya. Bencina kuwa suna jibge a gefe. Na tambayi mai lambun, wani dogo mai rowar magana. Ya ce, "Inna, ba na kafa benci sai na ga inda mutane ke gajiya." Ji mini iyayi, da kuɗina!

Lahadi, 27 ga Yuli
Da faɗa na fitar da Baban yara zuwa lambun. "Ke dai so kike unguwa ta kalle ni." Taku goma sha bakwai daga ƙofar lambun ya tsaya yana haki, na ajiye masa kujerar da na ɗauko. Dogon yana ban ruwa, ko kallonmu bai yi ba.

Laraba, 30 ga Yuli
Benci a daidai wurin, har da siminti. Baban yara ya ce dace ne kawai.

Laraba, 13 ga Agusta
Shekaranjiya ya wuce bencin da taku tara, wai don kada dogon ya ɗauka ya san shi. Yau ga na biyu. Na ƙirga a zuci: ya ɗara inda ya tsaya da taku uku. Ofishin dai ban ce na yafe musu ba.

Juma'a, 5 ga Satumba
Ina cikin wanki na leƙa ɗaki, ba shi ba sandarsa. Na fita ba takalmi. Can na hango shi a benci na uku, yana nuna wa dogon yadda ake ɗaure itace, da hannun mai lafiyar. Yana ganina ya ɗaga murya, "Ke koma, wa ya kira ki?"

Na koma. Na zauna a bakin gadonsa, hannuwana suna ɗigar ruwa. Wata tara ke nan, tun da ciwon ya same shi, rabon da ya kore ni, kuma wallahi daɗi na ji.