Gwamna Ya Maƙale a Gidan Pak Rusdi

Baharuddin Daeng Sikki,
Layin Bayan Masallaci, Unguwar Mariso,
Makassar.
12 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga:
Hajiya Andi Tenriawaru,
Shugabar Ƙungiyar Masu Kiwon Murjani a Gida,
Reshen Makassar.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: TSALLAKE NI A LAYIN KARƁAR GWAMNA, DA KWASHE MINI DUWATSU, DA JANYE MINI ABOKIN AIKI

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan Hajiya da iyali da sauran ƴan kwamiti kuna cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana a rubuce. Na faɗa da baki a zaman 4 ga Agusta, aka yi murmushi, aka koma zancen wanda zai kawo kofi a zama na gaba.

Domin amfanin sababbin ƴan kwamiti, waɗanda wasunsu suna goye sa'ad da na fara zuba ruwan teku a gilashi, bari in tuna musu tsarinmu. Gwamna shi ne zomon tekun ƙungiya, halittar nan mai laushi kamar ƙaton dodon koɗi mara gida, mai kunnuwa biyu. Mun sa masa sunan ne saboda ci da tafiyar ƙasaita. Abincinsa gansakuka mai gashi, wadda ke shaƙe murjanin da muke kiwo da ransa a tankunan gilashi. Idan ya share tankin mutum tas, yunwa ce za ta kashe shi, shi ya sa ake ɗaukarsa a bokiti a kai shi gidan da tanki ya fi lalacewa. Sharaɗin ɗaya ne: mai buƙata ya miƙe gaban jama'a ya faɗa da bakinsa cewa tankinsa ya ƙazantu. Mai ɗaukar bokitin kuwa, tun ranar da aka kafa ƙungiya, Daeng Ngalle ne, aminina tun muna samari a ofishin tashar jiragen ruwa. Ina roƙon Hajiya ta riƙe wannan suna, domin rabin kukan nan a kansa ne.

1. A zaman 2 ga Yuni na cika sharaɗi. Na miƙe, da furfurata, na ce tankina ya lalace, na nuna hoto. Pak Rusdi Mangkona, mai shagon tayil, wanda bai cika shekara a cikinmu ba kuma Gwamna ke gidansa tun watan Mayu, ya karɓi wayata ya duba, ya tambaye ni ko tanki ne ko gonar shinkafa. Aka yi dariya. Na haɗiye, domin a ƙarshe kwamiti ya amince cewa ni ne na gaba. Har yau da nake rubutun nan ko kunnen Gwamna ban gani a gidana ba.

2. Kada a ce zama na yi ina jiran dabba ta yi mini aikina. Na rage hasken fitila. Na rage wa kifaye abinci har suna bin yatsana a jikin gilashi kamar mabarata. Na daina karɓar ruwan bakin gaɓa, sai wanda masu kwale-kwale ke ɗebowa daga bayan tsibiri. Ina ciro duwatsu ina goge su da buroshin haƙori. Sai dai wannan aiki na mutum biyu ne, Hajiya ta sani: ɗaya ya riƙe dutse cikin ruwa kada murjanin da ke kai ya sha iska, ɗaya ya goge. Shekara da shekaru, duk Lahadi da hantsi, Daeng Ngalle ke riƙewa ni ina gogewa. Ya ce mini makaho, in ce masa mai karkarwar hannu, mu gama mu ci gasasshiyar ayaba da kofi har a kira azahar. Tun da Gwamna ya shiga gidan Pak Rusdi, Lahadin Daeng Ngalle ta zama ranar "duba lafiyar Gwamna". Ban san zomon teku na fama da hawan jini ba sai bana.

3. Ranar 7 ga Yuli na je gidan da kaina, ba gayyata, domin in ga wace irin ƙazanta ce ta riƙe Gwamna haka. Zan faɗi gaskiya ko da ta yi mini ɗaci: tankin ya yi kyau. Bango guda ne sukutum. Fitilunsa suna yin alfijir, suna yin faɗuwar rana, duk daga wayar hannu. Akwai injina a ƙasa suna ta gurnani, ban ma san aikin rabinsu ba. Ruwan kamar babu shi. Na duba lungu da saƙo, har na durƙusa, ban ga zaren gansakuka ko ɗaya ba. A bisa tsarinmu, ranar ya kamata a ɗauko bokiti.

Amma ba wannan ya tsaya mini a maƙogwaro ba. Daeng Ngalle na samu zaune a kujera mai laushi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kuma da aka kawo mini shayi, shi ya tashi ya buɗe kabad ya ɗauko sukari, bai tambayi kowa inda yake ba. Pak Rusdi yana kiransa Kawu. Daeng Ngallen nan da ya yi shekaru yana ce mini inji aikin banza ne, hannu da haƙuri su ne kiwo, shi ne ya ja ni gefe yana nuna mini yadda wani famfo ke zuba magani da kansa, idonsa na ƙyalli. Ni ban taɓa ganin ya kalli tankina haka ba. Na sha rabin shayin na ce ina da uzuri.

4. Wannan ita ce babbar magana, ina roƙon kwamiti ya karanta ta a nutse. Ranar 21 ga Yuli na ji babur ɗin Daeng Ngalle a ƙofa, na leƙa na ga shuɗin bokitin ƙungiya a bayansa. Wallahi, Hajiya, ban tsaya neman takalmi ba. Na ɗora ruwan kofi, na cire murfin tanki. Da ya sauke bokitin, babu komai ciki sai ruwa. Ya ce in ba shi duwatsu uku waɗanda suka fi gashi, zai kula da su. Na ɗauka tausayina ya ji zai goge mini a gida, na zaɓo da hannuna, har da godiya. Bai zauna ba, ya ce rana za ta dafa su.

Da yamma sai ga hoto a dandalin ƙungiya na waya. Gwamna ne kwance kan dutsena, a cikin tankin Pak Rusdi, an rubuta a ƙasa: abincin rana daga gonar Daeng Sikki. Mambobi suka yi ta jera fuskokin dariya, har da wasu ƴan kwamiti da ba zan kama sunansu ba saboda girman ofis. Ashe baƙin Pak Rusdi ne ke son kallon Gwamna, shi kuma yana so ya riƙe shi har bikin nunin tankuna na watan Satumba, abinci ya ƙare, sai aka tuna akwai wani tsoho a Mariso mai noma shi kyauta. Tsarin da muka gada ya ce a kai Gwamna inda gansakuka take. Yanzu gansakukar ake ɗorawa a babur ana kai wa Gwamna, kuma da hannun aminina.

5. Ana cikin haka, shuɗin murjanina mai rassa kamar ƙahon barewa ya fara fari daga gindi, gashi ya naɗe rassansa na ƙasa. Wannan murjani bai kai ɗan yatsa ba sa'ad da muka samo shi ni da Daeng Ngalle, shi ya riƙe, ni na liƙa shi a dutse. Bayan zaman 4 ga Agusta na tare shi wajen ajiye babura na gaya masa. Na zaci zai ce ga shi nan zuwa. Sai ya dafa kafaɗata ya ce: "Sikki, ka kawo shi gidan Rusdi kafin ya mutu. Can zai fi jin daɗi, sai ka riƙa zuwa mana kana ganinsa."

"Zuwa mana", Hajiya. Na tayar da babur ɗina.

6. Na ji ana cewa kishi ke damun Daeng Sikki. Ba sai an faɗa a bayana ba. E, kishi nake yi, kuma yana hana ni jin daɗin abinci. Ba na kishin fitilu, mai shagon tayil ya saya ya more, Allah ya ƙara masa. Ina kishin wanda ya zo jiya ya samu tanki mai kyau, ya haɗa da Gwamna, ya haɗa da duwatsuna, bai ƙoshi ba sai da ya haɗa da mutum ɗaya tilo da ke ƙwanƙwasa mini ƙofa. Amma kishina bai goge tsarin ƙungiya ba, kuma ba shi ya rubuta kalaman da ke ƙarƙashin hoton nan ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon kwamiti:

(a) Ya umarci Pak Rusdi Mangkona ya saki Gwamna kafin ƙarshen wannan mako, tun murjanina na da sauran shuɗi a kai.

(b) A dawo mini da duwatsuna uku, a kuma goge hoton daga dandali.

(c) A faɗa a zama na gaba, a gaban kowa, cewa ba a ɗaukar gansakuka daga gidan mamba domin ciyar da Gwamna a wani gida.

(d) Pak Rusdi ya aiko mini cewa idan kwamiti ya matsa, direbansa zai kawo Gwamna a mota mai sanyi. Ban amince ba. Mai ɗaukar bokitin ƙungiya Daeng Ngalle ne, shi nake so ya kawo, ranar Lahadi, ya shigo ya zauna. Idan kwamiti ya ga ba shi da ikon gaya wa dattijo inda zai yi Lahadinsa, na fahimta, ba zan ɗaukaka ƙara ba. To, a bar Gwamna inda yake, a kuma turo wanda zai kwance tankina a raba wa mambobi abin da ya rage da rai a ciki. Ban kafa shi domin in zauna ina kallonsa ni kaɗai ba.

Ina neman afuwa idan alƙalamina ya yi kaifi a wani wuri. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da adalci, ya kuma tsare tankunan mambobi baki ɗaya, har da na Pak Rusdi.

Mai biyayya ga ofishinki,

(sa hannu)
Baharuddin Daeng Sikki,
Mamba tun kafuwar ƙungiya.