Gadar Ilu Mai Fito

Gaya, daren Laraba, tsakiyar damina

Na yanke shawara, jami'ar Zariya zan tafi. Ta Ikko ta ba ni gurbin karatun injina, Baba ma can yake so, amma a Zariya zan koyi gina gada.

Ɗazu na rako Inna daga Gafasa, tana fama da zazzaɓi. Ilu mai fito ya cika kwalekwalensa da awaki, ya bar mu a bakin kogi ruwa yana dukanmu. Har da ɗaga murya: "Injiniya, gina mata gada mana!" Har yanzu Inna rawar ɗari take yi.

Na ji, Ilu. Allah ya ja kwananka. Daidai mashigarka zan kafa ta, kana zaune awakin za su riƙa wucewa ta samanka.