Sunan 'Yar Fari

Litinin, 12 ga Fabrairu 2024

Murfin tukunya ya kuɓuce mini ya faɗi a bayanta, har maƙwabciya ta buga bango. Ita kuwa 'yata ko ƙyafta ido ba ta yi ba, tana ta yankan albasa. Kunnen hagu ya mutu tun bara, yau na san na dama ya bi shi. Haka babanta ya fara. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Na ɗauki murfin na wanke.

Alhamis, 7 ga Maris

Likita ta nuna mini hoton kan yarinyar. Ƙari ne a kan jijiyar ji, gadon babanta. In an cire shi, jijiyar ta gama aiki. Amma a birnin Lyon akwai masu saka wata 'yar na'ura can cikin kai, ta tsallake jijiyar. Ta ce kada in sa ran ji irin na da. Na ce ko ƙarar mota ce ta ji ta kauce, na gode Allah.

Shekararta goma sha huɗu.

Talata, 14 ga Mayu, Lyon

An yi aikin, awa tara. Sun aske gefe guda na kitson da na yi mata jiya.

Talata, 25 ga Yuni, Lyon

An kunna na'urar. Ta yamutsa fuska, ta ce kamar ana buga cokali a kwano cikin ruwa. Likitoci sai murna suke. Ni na rasa ko in taya su.

Laraba, 3 ga Yuli

Madam Inès, mai koya mata sauraro a nan unguwarmu ta Montreuil, ta ba ni aikin gida. In tsaya a bayanta, inda ba ta ganin bakina, in kira sunanta sau ashirin kullum. Wai da sunanta za ta fi saurin kamawa.

Na ce to. Ta yaya zan gaya mata? 'Yar fari ce. Tun ranar suna ban taɓa kama shi a bakina ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinya". Haka innata ta yi da yayana a Damagaram har ta koma ga Allah. Babanta ne mai kira, tun daga bakin ƙofa in ya dawo aiki daga kasuwar Rungis. In na ce masa ba ka da kunya, sai ya ce, "A filin jirgi aka karɓe mini kunyar, kaya sun yi nauyi."

Jumma'a, 12 ga Yuli

Kwana tara ina "ke, ke" a bayanta, ba ta juyowa. Madam Inès ta tambaya, "Kina kiran sunan kuwa?" Na kalli takalmina. Yarinyar ta karanci bakinta, ta yi dariya ta ce da Faransanci, "Mama ba ta san sunana ba, madam. Papa ya tafi da shi."

Wasa take yi. Na kasa cin abincin rana.

Lahadi, 14 ga Yuli

Na buga wa Hajiya Kausar ta unguwar Saint-Denis, goggon babanta. Ta ce, "Ke Fatsima, kunyar wa kike ji? Ni ce surukarki a ƙasar nan, kuma na yafe. In ta kama, ki hau bene ki yi shela." Na ce Hajiya, baki ne bai saba ba. Ta ce, "To ya saba da Montreuil ma, balle sunan 'yarki?"

Na gwada a banɗaki, na bar ruwa yana zuba. Harshena ya yi nauyi.

Asabar, 20 ga Yuli

Da hantsi tana wanke-wanke, ta ba ni baya. Na faɗi sunan a hankali, ba ta motsa ba. Na ƙara da ƙarfi, na ja ƙarshen yadda babanta yake yi. A na uku hannunta ya tsaya cikin kumfa. Ƙofa ta fara dubawa, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Ƙara."

Na ƙara. Ta ce ba ta jin sa kamar suna, bugu uku ne kawai a jere, amma ta san nata ne. Ta koma kan kwanoninta, ni ma na kama tuƙa tuwo, ba wadda ta sake kallon wata.

Rahama ta ci tuwon sosai yau. Sau shida kawai na iya kira. Saura goma sha huɗu.