'Yata ta Kebbe da Ban Lissafa Ba

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da aka yi mini aikin wuya.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni tsohon manomi ne daga Tambuwal. Bara likitocinka suka gano sankara a halittar nan ta gaban maƙogwaro da kuke kira tayirod, irin wadda suka ce sunanta medulari. Suka cire ta gaba ɗaya, suka ɗora ni kan ƙwayar da zan riƙa sha kullum har ƙarshen rayuwata. Na gode, ban kuma manta ba. Amma ina da kuka, kuma na zaɓi in yi shi a bainar jama'a domin na san ba gidana kaɗai abin zai shafa ba.

Na farko. Bayan aikin, wani likita matashi ya ce gwaji ya nuna cutar tawa ta gado ce, don haka za a ɗebi jinin 'ya'yana a aika waje a duba. Ya tambaye ni su nawa ne, idonsa na kan takarda. Na ce biyar. Ya rubuta biyar, ya kira na gaba. Ranka ya daɗe, 'ya'yana shida ne. Ta farin ce ban lissafa ba, domin a gidanmu uba ba ya lissafa ɗan fari, ba ya kama sunansa, kunya ce da muka taras. Tun ranar yaye yayata ta ɗauke ta zuwa Kebbe, can ta girma, can ta yi aure, sunan mijin yayata ne ma a takardunta. Ba ƙarya na yi niyya ba. Bakina ne ya yi abin da ya saba shekara hamsin.

Na biyu, a nan nake so ka yi haƙuri da surutun tsoho. Lokacin da aka samu mulkin kai ina yaro, muna da malamin asibitin sha-ka-tafi, Malam Ladan. Kekensa ɗaya, jakarsa ɗaya, da su yake zagaya Jabo da Sanyinna yana yi wa yara lambar agana. Wallahi ina kewar zamanin nan. Sai ya jingine keken a gindin ƙirya, ya sha fura, ya tambayi lafiyar shanu da ta gero kafin ya buɗe jaka. Bai taɓa tambayar uwa ko uba yawan 'ya'yansu ba, ya san ba za su faɗi daidai ba. Kaka yake nema, ko maƙwabciya. In an gama lissafi kuma sai ya yi murmushi ya tambayi inda wanda ba a faɗi yake, da wanda aka ba riƙo. Ba shi da rabin ilimin yaranka, ko na'ura ɗaya ba shi da ita, amma ya san mutane.

Shi ne ya taɓa wuyan mahaifina lokacin da ƙullutu ya fito masa, muryarsa ta dushe, zawo ya ƙi tsayawa. Gari duka ana cewa maƙoƙo ne, ruwan rijiyarmu ne, har aka cike rijiyar, mai ruwan sanyi da ban sake shan irinsa ba. Malam Ladan ya ce maƙoƙo ba ya tauri haka, ya kuma tuna cewa Goggonmu da irinsa ta rasu. Ya ce abin gidan yake bi, ba rijiya ba. Mahaifina bai kai juyin mulkin farko ba.

Na uku. Cikin biyar ɗin da aka gwada, biyu sun gada, an yi musu aiki tun cutar ba ta tashi ba, ga su nan garau. Sai a ranar da aka ba mu sakamako wata ma'aikaciyar jinya ta yi mini bayani da Hausa cewa kowane ɗa na cikina yana iya gada ko ya tsira, rabi da rabi, ko a hannun wa ya tashi. Da an faɗa mini haka tun farko, da na haɗiye kunyar. Na koma sashen gwajin sau uku saboda 'yata ta fari. Aka ce sunanta ba ya cikin fayil, sunan ubanta ma ya saɓa da nawa, sai in kawo shaida. Shaidar me zan kawo a kan 'yar da na haifa? Da damina hanyar Kebbe ko babur da ƙyar yake bi, duk da haka 'yar tawa ta zo, aka mai da ita. Yanzu yayata ta aiko cewa wani abu mai tauri ya fito wa 'yar tawa a gefen wuya. 'Ya'yanta huɗu.

Rabona na laifi na ɗauka, yana kuma ci mini rai. Naku shi ne tambaya ɗaya tak a kan rayuwar zuri'a guda.

Ga roƙona. A duba ta cikin gaggawa, ita da 'ya'yanta. A koya wa likitocinka su tambayi ɗan fari daban, su tambayi na riƙo daban, su kuma fara faɗin dalilin tambayar kafin su yi ta. In da hali a sa wata dattijuwa kusa, ta fi takarda sanin gidajenmu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a hannuwanka, ya jiƙan iyayenka.

Kun ce sai da suna za a buɗe mata fayil. To, rubuta: Hadizatu. 'Yata ce, ni na haife ta, ita ce babba.

Wassalam, ka huta lafiya.

Naka,
Wani tsoho daga Tambuwal.