Ƙofar Ɗakin Sanyi

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi. Ina fata kina lafiya, kuma ƙafar nan ta bar ki kina takawa. Yara suna nan lafiya, suna gaishe ki. Allah ya ƙara mana haƙuri.

Inna, jiya na gane abin da ya kashe baban yara. Na je kantin da yake aiki don karɓo kayan da ya bari a akwatin ajiyarsa, bayan wata biyar ina cewa sai gobe. Suka miƙo mini leda ɗaya. A ciki akwai kofin shayinsa, da tsohon takalmi, da wani guntun katako. Da na ga katakon sai na zauna a kan kwalin sabulu har wata mai shara ta kawo mini ruwa.

Bari in yi miki bayani. Ɗakin sanyin da yake jera nama da kifi yana da ƙofa mai nauyi. Mariƙin ciki ya lalace shekaru da yawa, in ta rufe sai daga waje ake buɗewa. Shi ya sa su biyu ke aikin, shi da abokinsa Dogo, ɗaya a ciki ɗaya a bakin ƙofa, kuma kullum suna tokare ta da wannan katakon. Yakan yi mini wasa cewa katakon ya fi ni kula da shi.

Kin san bara kamfaninsu ya haɗe da na kantin da ke tsallaken titi, suka zama abu ɗaya. Sababbin shugabanni suka ce mutum biyu sun yi wa ɗaki ɗaya yawa, aka ɗauke Dogo. Suka ce barin ƙofa a buɗe yana cin wuta, aka sa mata ƙarfen da ke jawo ta ta rufe da kanta, aka hana tokarewa. Waya ma a akwati ake barinta. Duk wannan ya faɗa mini a guntu-guntu, ina aikin gida ina ji da kunne ɗaya. Ban taɓa haɗa su wuri guda ba sai jiya.

Sun ce mana zuciyarsa ce ta tsaya. Wataƙila ta tsaya. Amma ya shiga bayan azahar, ba a same shi ba sai la'asar, katakon kuma yana kulle a akwati.

Ba don in fama miki ciwo na rubuta ba. Na ji an yi wa Auta tayin gurbin yayansa, tunda an rufe kantinsu na tsallake. Na roƙe ki, ki hana shi. Maganarki ce kawai yake ji.

Ki gaida mutanen gida.

Surukarki, uwar yara.

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na sami amsarki, na kuma karanta ta sau uku. Na ji daɗi da maganin ƙafar ya karɓe ki.

Kin ce kwana in ya ƙare ya ƙare, kuma ba a tare wa mutum abincinsa. Gaskiya ne, ban musa ba. Kin ce kamfanin ya yi halacci da ya tuna da gidanmu. A nan ne na kasa bin ki, ki yafe mini.

Auta ya zo ranar Asabar da matarsa, cikinta ya yi nauyi sosai. Kin san wasan da ke tsakanina da shi. Daga bakin ƙofa ya fara cewa tsohuwar matarsa ta rame, ya zo ya ga ko har yanzu ta iya girki. Na ce masa mijin da ke zuwa hannu rabbana ba ya zaɓen miya. Muka yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Bayan sun ci abinci na ɗauko katakon na ajiye a gabansa. Dariyar ta ɗauke. Ya juya shi a hannu, ya mayar mini, ya ce ana duba jaka a ƙofar ma'aikata, wanda aka kama da irinsa kora ce.

Na ce ya nemi wani wurin. Ya tambaye ni ina. Ya lissafa mini manyan kantuna huɗu da ke garin nan, duka yanzu alama ɗaya ce a goshinsu, manaja ɗaya ke zagaya su. Da can in wannan ya matsa maka sai ka tsallaka titi. Yanzu in ka tsallaka, su za ka tarar. Wata uku yana zaune, ga haihuwa ta matso. Matarsa ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Ni ma can nake sayayya, don masu ƙananan shaguna na layinmu sun nannaɗe tabarmarsu ɗaya bayan ɗaya. Man girkin da muka saba da shi ya ɓace, sai nasu mai alamarsu, ya fi tsada kuma yana kumfa a tukunya. Masu karɓar kuɗi takwas sun koma uku, layi yakan miƙe har wajen masu nama. Daga nan ana jin ƙofar in ta rufe. Ba ƙara ce mai yawa ba, tim ɗaya ce kamar an ajiye buhu. Mutane suna ta hirar tsadar sukari, ni kuwa ita kaɗai nake ji.

Na nemi Dogo. Ya tarbe ni a waje, bai ce in shiga ba. Ya faɗa mini cewa shi ya taya ɗauko baban yara, kuma safar hannun marigayin duk ta yayyage a yatsu. Na roƙe shi ya faɗi haka a ofishin kula da ma'aikata. Ya kalli ƙasa ya ce yaransa shida, kuma su ɗin ne dai ke biyansa.

Inna, ɗa ɗaya ya rage miki. Ki sake tunani.

Surukarki.

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki, ina fata kin tashi lafiya. Matar Auta ta sauka, mace aka samu, uwa da jaririya lafiya. Na san ya kira ki. Hancin naku ne.

Mako uku ke nan da Auta ya fara aikin. Ya ce yana shiga da sauri yana fita da sauri, kuma ya koyi tare ƙofar da ƙafa in kayan na kusa. In suna can ciki, babu ƙafar da za ta kai.

Na je wurin manaja. Yaro ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya rubuta duk abin da na faɗa. Ya ce gyara ba a hannunsa yake ba, sai babban ofishi, su kuma sun dakatar da duk wani gyara saboda ana maganar wani kamfani da ya fi su girma zai haɗiye su. Mai gyaran da ya san ƙofar an sallame shi tun bara. A ofishin kula da ma'aikata kuma sun ce in kawo shaida.

Zan faɗa miki abin da nake yi, kada ki ce na zautu. Ranar Talata da Alhamis motar nama ke zuwa. Nakan ɗauki kwando in tsaya wajen masu nama kamar mai zaɓe. In na ji ƙofar ta rufe sai in fara ƙirga a zuciyata, ba na motsawa sai na hango hularsa. Auta ya gan ni, ya ce tsohuwar matarsa kishi ya hana ta zaman gida. Amma bai ce in daina ba, Inna. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ranar Talatar da ta wuce na kai ɗari huɗu bai fito ba. Na ajiye kwandon, na wuce ta bayan kanta inda aka hana masu saye, na ja ƙofar da hannu biyu. Yana tsaye dab da ita. Ya ce yanzu ma yake shirin buga ta. Leɓensa ya yi fari, bai yi mini wasa ba.

Mai gadi ya raka ni waje. Ya ce an ga fuskata a na'urar ɗaukar hoto, kuma an ba shi umarni kada ya sake barina in shiga, ko nan ko sauran ukun. Ya ba ni haƙuri, ya ce ya san baban yara.

Yara suna gaishe ki, ki sa mu a addu'a. Gobe Alhamis, motar za ta zo da hantsi. Ban sami wanda zai tsaya a madadina ba, kuma ba a gyara ƙofar ba.

Surukarki, uwar yara.